Yadda kamfanin ba da hayar injuna ke zaɓen ƙofar shiga kasuwar wata ƙasa

Mai sayar da tarakta a ƙasar waje, da zarar kuɗinsa sun shiga asusu ya gama da ita. Ko ta kife a rami washegari, ba ruwansa. Mai ba da ita haya kuwa, ranar da aka sauke ta daga jirgin ruwa ranar ce aikinsa ya fara. Taraktar tasa ce a takarda, amma tana hannun wani, a ƙasar da ba ya zaune, ƙarƙashin kotun da bai saba da ita ba, kuma kuɗinsa za su dawo ne kaɗan-kaɗan cikin wata 36 ko 48 ko 60. Saboda haka duk shawarar faɗaɗa wannan sana'a zuwa ƙetare tana komawa kan tambaya guda: in mai haya ya daina biya, wa zai je ya ɗauko injin, da ikon wace doka, kuma wa zai saye shi bayan an ɗauko? Amsar da aka samu a kowace ƙasa ita ke nuna ko a yi ciniki daga gida, ko a bi bayan masana'anta, ko a nemi ɗan gari, ko a sayi kamfani da ke tsaye, ko a kafa sabo.

Hayar kanta iri biyu ce. Akwai wadda ainihinta bashi ne sanye da rigar haya: kamfani ya sayi injin da abokin ciniki ya zaɓa, ya miƙa masa, ya riƙa karɓa wata-wata har ya mayar da uwar kuɗi da riba, a ƙarshe mai hayar ya biya ɗan abin da ya rage ya mallaka. A Nijar da sauran ƙasashen da ke aiki da Faransanci sunanta crédit-bail. Akwai kuma hayar amfani zalla, wadda injin ke dawowa bayan shekara biyu ko uku a sake ba wani ko a sayar. Ta farko tana son sanin mutane da iya bin bashi. Ta biyu tana son fili, makanikai, kayan gyara da kasuwar gwanjo. Ku tsayar da wadda za ku yi kafin a fara duba taswira.

Irin kayan da girman kwangila

Jirgin sama kuɗinsa miliyoyin daloli ne, masu hayarsa ba su da yawa kuma an san su, ana iya tashi da shi zuwa wata nahiya a yini ɗaya wani kamfanin jirage ya karɓa. Shi ya sa manyan masu ba da hayar jirage ke zaune a Dublin suna hulɗa da duniya baki ɗaya ba tare da buɗe ofis a kowace ƙasa ba. Wannan al'ada ta samo asali ne daga kamfanin GPA da Tony Ryan ya kafa a Shannon ta ƙasar Ayilan a 1975. Kwantenonin jiragen ruwa ma haka suke.

Injin kwafi na ofis, kwamfutoci, injin niƙa ko babur mai ƙafa uku ba haka suke ba. Kwangila ce ƙarama, dubbai ake buƙata kafin a ga riba, kuma kowace ɗaya sai an je an ga shagon mutum, an san mai tsaya masa. Wannan ba ta yiwuwa daga nesa. A tsakiya akwai katafila, gireda, tarakta, manyan janareto da na'urorin asibiti, kuma a kansu ne zaɓin ke da wuya.

Kafin komai, a tabbatar injin zai rayu a can. Sababbin injunan dizal da ake ƙera wa Turai da Amurka suna da matatar hayaƙi da ba ta jure mai mai yawan farar wuta. In aka kai su inda man bai da tsabta, matatar ta toshe, injin ya rage ƙarfi da kansa, mai haya ya ce ba zai biya kuɗin abin da ba ya aiki ba. Na'urar da aka yi wa wutar Amurka mai bugu 60 a daƙiƙa ba za ta zauna lafiya da wutar Najeriya ko Nijar mai bugu 50 ba. Babbar motar da aka ɗauko daga Japan ko Ingila sitiyarinta na dama ne, alhali Najeriya da Gana da Nijar na hagu ake tuƙi da shi. Sai kuma tambayar da ta fi duka: akwai dila a ƙasar mai safaya da makaniken da ya san injin? Injin da ba shi da dila, ranar da aka ƙwato shi tulin ƙarfe ne kawai.

Dokar ƙwato kaya

Ku ɗauki lauya ɗan ƙasar wanda ya taɓa ƙwato kaya da hannunsa. Wanda ya iya rubuta takardu kawai ba zai wadatar ba. Ku sa shi ya amsa a rubuce: shin doka ta yarda injin mallakin mai ba da haya ne har zuwa biya na ƙarshe? Ina ake rajistar wannan mallaka? In mai haya ya karye, injin yana fita daga cikin dukiyar da masu bin bashi za su raba, ko kotu na riƙe shi? Ana iya ɗaukowa ba tare da hukuncin kotu ba? In sai da kotu, wata nawa aka ɗauka a shari'u uku na baya-bayan nan da ya sani? Tambaya ta ƙarshe ta fi sauran amfani, domin abin da littafin doka ya faɗa daban, abin da ke faruwa a harabar kotu daban.

Rajista ba a wasa da ita. A Najeriya akwai dokar hayar kayan aiki ta 2015, akwai kuma rajistar jinginar kadarori masu motsi da Babban Bankin Najeriya ya buɗe a 2016, dokar 2017 ta ƙarfafa ta. Gana ta buɗe tata tun 2010. A ƙasashe 17 na ƙungiyar OHADA masu dokar kasuwanci iri ɗaya, ciki har da Nijar da Chadi da Kamaru, ana rubuta kwangilar a rajistar kasuwanci ta RCCM. Wanda bai yi rajista ba, mai haya na iya jinginar da injin ga banki ko ya sayar wa wani, in aka je kotu a ce mai sayen bai sani ba. A rubuta lambar shasi da lambar inji daidai, harafi da harafi. Kuskuren lamba ɗaya ya isa lauyan wancan ɓangare ya ce ba wannan injin ake nufi ba.

Akwai yarjejeniyoyin duniya da ke taimakawa. Ta Ottawa ta 1988 kan hayar kaya tsakanin ƙasashe ta fara aiki a 1995, kuma Najeriya na cikin ƙasashe ukun farko tare da Faransa da Italiya. Ta Cape Town ta 2001 ta fi ƙarfi: tana da rajista ta intanet da ke Dublin don jirage, da takardar izini da kamfanin jirage ke sa wa hannu tun farko cewa in ya kasa biya a soke rajistar jirgin a fitar da shi. An ƙara mata ɓangaren injunan haƙar ma'adinai da noma da gine-gine a Pretoria a 2019, sai dai ku bincika ko ƙasar da kuke nufi ta shigar da shi cikin dokarta.

Amma ganin Dala ba shiga birni ba. Indiya ta shiga yarjejeniyar Cape Town a 2008, duk da haka da kamfanin jiragen Go First ya nemi kariyar karyewa a watan Mayun 2023, dokar cikin gida ta hana masu jiragen ɗaukar kayansu, sai a Afrilun 2024 babbar kotun Delhi ta ba da umarnin soke rajistar jirage 54. Kusan shekara guda suna ajiye ba haya, ba kulawar kirki. Na Rasha ya fi muni. Bayan takunkumin 2022 kimanin jirage 400 na kamfanonin waje suka maƙale a can, kamfanin ba da hayar jirage na AerCap kaɗai ya rubuta asarar kusan dala biliyan 2.7. Babu kwangilar da ke maganin wannan sai inshorar haɗarin siyasa da yaƙi, da kuma iyakance abin da aka zuba a ƙasa ɗaya.

Da wane kuɗi aka ranto, da wane kuɗi za a biya

Nan ne kamfanoni suka fi faɗuwa, kuma lissafin ba shi da wuya. A ɗauka kun ranto dala kun sayi katafila, kun ba ɗan kwangilar hanya haya a kan dala 5,000 a wata. Shi da naira gwamnati ke biyansa. A farkon 2023, a farashin gwamnati na wajen naira 460, kuɗin wata miliyan 2.3 ne. Bayan an saki naira a watan Yunin 2023 har ta wuce 1,500 a farkon 2024, kuɗin wata ya koma miliyan 7.5, kuma ba a ƙara masa ko kwabo a kwangilarsa ba. A takarda haɗarin canji na wuyansa ne. A zahiri ya dawo kanku, don ba zai iya biya ba. Irin haka ta faru a Masar a watan Maris na 2024, lokacin da dala ta tashi daga wajen fam 31 zuwa kusan 50 a rana ɗaya.

Ƙa'idar da ake bi ita ce hayar dala ga mai samun dala: kamfanin mai, mai haƙar zinariya, kamfanin jirage masu zuwa ƙetare, mai fitar da riɗi ko koko. Duk wanda cinikinsa na kuɗin gida ne, a ba shi haya da kuɗin gida, a kuma ranto kuɗin a cikin gida. Wannan kaɗai yakan yanke hukuncin hanyar shiga, domin bankin ƙasa ba ya ba baƙon da ba shi da rajista rance, ba a kuma barinsa ya sayar da takardun lamuni a kasuwar hannun jari. Ana iya sayen yarjejeniyar kulle farashin canji, asusun TCX da ke Amsterdam yana yin ta don kuɗaɗen ƙasashe masu tasowa, amma tsadarta takan yi daidai da ratar kuɗin ruwa tsakanin ƙasashen biyu. Arhar da aka hango a rancen dala sai ta zube.

Tsawon rance ma sai ya dace da tsawon haya. Wanda ya ranto na wata 12 ya ba da hayar wata 48, sau uku zai koma gaban banki yana roƙon a sabunta, kuma ba shi ke yanke farashi ba.

Shigar da kuɗi abu ne, fitar da su wani abu. A Najeriya duk jarin da ya shigo sai bankin da ya karɓa ya ba da takardar shaidar shigo da jari, wadda ake kira CCI. Babu ita, babu sayen dala ta hanyar hukuma ranar mayar da riba. Ko da ita ma ana iya jira: a 2023 ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta ce kuɗin kamfanonin jirage na waje kusan dala miliyan 800 sun maƙale a Najeriya saboda ƙarancin dala.

Ciniki daga gida

Hanya mafi arha ita ce kamfani ya zauna inda yake ya ba da haya kai tsaye zuwa ƙetare. Ba ofis, ba ma'aikata, ba jarin kafa kamfani. Ta dace da kwangiloli manya kaɗan da abokan ciniki masu samun kuɗin waje. Abin da ke kashe ta haraji ne.

Ƙasashe da yawa suna sa mai haya ya cire haraji tun daga tushe kafin ya aika kuɗi waje, kuma sau da yawa a kan kuɗin hayar gaba ɗaya ake cirewa. A cikin dala 5,000 ɗin nan, a ce 4,000 uwar kuɗi ce ke dawowa, 700 ruwan bankin da kuka ranto ne, 300 ce ribarku. In aka cire kashi 10 cikin ɗari, dala 500 ta tafi, wato riba duka da ƙarin 200 daga aljihu. Mafita biyu ce. Ko a rubuta a kwangila cewa mai haya ne zai cike gurbin, sai kuɗin wata ya koma wajen dala 5,556, wanda ka iya sa ya gudu wajen banki na gida. Ko a duba ko akwai yarjejeniyar hana biyan haraji sau biyu tsakanin ƙasashen, wadda ke rage kason ko ta ba da damar cire shi daga harajin gida. Yawan irin waɗannan yarjejeniyoyi da harajin kamfani na kashi 12.5 na cikin abin da ya tara masu hayar jirage a Ayilan.

Sai kwastan. A fayyace wa ne mai shigo da kaya a takarda, wa zai biya kuɗin fito da harajin VAT, kuma wa ke da ikon neman a mayar masa. In da izinin shigowa na wucin gadi aka shigar da injin, a rubuta ranar ƙarewarsa a inda ba za a manta ba, domin in ya wuce kwastan na iya kama injin da ba mai haya ke da shi ba. A kuma kula: yawan aika ma'aikata su zauna suna ƙulla ciniki a ƙasar na iya sa hukumar haraji ta ce kuna da mazauni a can, ta nemi harajin kamfani cikakke.

Bin bayan masana'anta

Ga katafila da tarakta da na'urorin asibiti, a ganinmu wannan ce hanyar da ta fi hankali a farko. Kamfanin haya ya ƙulla da mai ƙera injin ko babban dilansa: duk wanda ya zo saye ba shi da kuɗi a hannu, a miƙa shi gare ku. Kamfanin DLL na ƙasar Holan, mallakin bankin Rabobank, wanda aka kafa a 1969, da wannan ya bazu ƙasashe sama da 20. Haɗin gwiwarsa da AGCO, masu Massey Ferguson, an tsara shi ne kashi 51 ga ɓangaren Rabobank, 49 ga AGCO. Wasu masana'antun kuma nasu suka kafa, kamar Cat Financial na Caterpillar tun 1981.

Amfaninta a fili yake. Dila ya san masu saye, yana da makanikai, yana ganin injin duk lokacin sabis, kuma shi ne zai fi kowa iya sayar da shi in an ƙwato. Abin da za a matsa a kai wajen ciniki shi ne alkawarin saye: in an ƙwato injin a wata na 12 dila zai karɓa a kan kaza, a wata na 24 a kan kaza, a jera farashin a jadawali da sharuɗɗan awoyin aiki da lafiyar injin. In ya ƙi, a nemi ya ɗauki kason farko na asara, ko aƙalla ya yi alkawarin ajiyewa da gyarawa da tallatawa.

Illarta kuwa, dila burinsa ya sayar. Zai kawo muku kowa, ya rantse mutumin kirki ne. Kada a taɓa barin ikon amincewa da bashi a hannun wanda kamashonsa ya dogara da yawan abin da aka sayar. A kuma lura da dilan da ke kumbura farashi a rasiti don ya ɓoye cewa mai saye bai biya kafin alƙalami ba. Injin dala 80,000 a rubuta 100,000, a ce an biya 20,000, alhali ku kuka biya kuɗin duka. Maganinsa kwatanta rasiti da farashin masana'anta, da ganin shaidar banki ta kafin alƙalamin.

Da ɗan gari akan ci gari

Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro ba sa sauka a kasuwa kai tsaye. Suna da mai masauki wanda ya san wanda ake ba bashi da wanda ba a ba, ya tsaya musu in rigima ta tashi. Haɗin gwiwa da banki ko babban gidan kasuwanci na ƙasar wannan aikin yake yi, kuma babu wanda ya nuna amfaninsa kamar Orient Leasing na Japan, wanda ya koma ORIX a 1989. An kafa shi a Osaka a 1964, ya koyi sana'ar daga wani kamfanin Amurka, U.S. Leasing. Ya fita Hong Kong a 1971, sannan Singafo a 1972, Malesiya a 1973, Indunusiya da Koriya ta Kudu a 1975, Sri Lanka a 1980, Sin a 1981, Pakistan a 1986, daga baya Oman da Masar da Saudiyya. A yawancin wuraren da 'yan ƙasa ya haɗa jari, sau da yawa bai riƙe rinjaye ba. Shi ya kawo sanin aiki, su suka kawo kuɗin gida da sanin mutane da fuskar da hukuma ta sani.

Rigimar haɗin gwiwa tana fitowa ne daga abin da ba a rubuta ba. A yarjejeniyar masu hannun jari a fayyace wa ke naɗa shugaban sashen tantance bashi da babban akanta. Ko da kason ku kashi 30 ne, waɗannan kujeru biyu su ne za ku riƙe, ku bar wa abokin tarayya kujerar shugaba da ta tallace-tallace. A sa iyakar kuɗin da in kwangila ta wuce shi sai ɓangarorin biyu sun sa hannu. A hana, ko a tsananta sharuɗɗan, ba da haya ga kamfanonin abokin tarayya da 'yan'uwansa, domin ta nan ne jari ya fi zurarewa. In banki ne abokin, a rubuta cewa ba zai riƙe abokan ciniki nagari wa kansa ya turo muku waɗanda ya ƙi ba. A tsara yadda za a ƙara jari in ana buƙata da abin da zai sami kason wanda ya kasa kawowa. A kuma tsara rabuwa tun ana dariya: wa ke da haƙƙin fara saye, da wane lissafi za a yi wa hannun jari kuɗi, a wane gari za a yi sasanci. A zaɓi ƙasar da ke cikin yarjejeniyar New York ta 1958 don hukuncin masu sasanci ya zartu. Shigar hukuma irin IFC ta Bankin Duniya da ɗan kaso yakan sa kowa ya kama kansa, ya kuma sauƙaƙa samun dogon rance.

Akwai wani salo da kamfanin ba da hayar kaya na Grenke na Jamus ya bi daga 2003: wasu masu jari su kafa kamfani a sabuwar ƙasa da sunansa da tsarinsa, in ya tsaya da ƙafarsa bayan 'yan shekaru ya saye shi. A watan Satumban 2020 wani rahoton kamfanin bincike na Viceroy Research ya zargi tsarin da ɓoye alaƙa tsakanin masu saye da masu sayarwa, darajar hannun jarinsa ta faɗi warwas. Kamfanin ya musanta zargin zamba, amma ya sanar da zai haɗe waɗannan kamfanoni cikin nasa. Duk mai son bin wannan salo ya bayyana su wa ke da jari a ciki tun ranar farko.

Saye ko kafawa

Sayen kamfanin da ke aiki yana kawo lasisi, ma'aikata da abokan ciniki a rana ɗaya. Haka bankin Bank of China na ƙasar Sin ya shiga hayar jirage da sayen wani kamfanin Singafo a 2006, ya mai da shi BOC Aviation. Haka Tunisie Leasing tare da Amen Bank na Tunisiya suka sayi rinjayen kamfanin haya na Alios Finance a 2015 suka sami ƙafa a ƙasashe da dama kudu da Sahara. Haɗarin shi ne cinikin biri a sama. Kada a tsaya ga littafin akanta. A zaɓi kwangiloli da ka, manya duka da wani kaso na ƙanana, a je a ga injunan da ido, a karanta lambar shasi, a duba mitar awoyi, a kwatanta abin da littafi ya ce an biya da takardar banki. A nemi jerin kwangilolin da aka sake wa jadawalin biya, don nan ake ɓoye bashin da ya mutu. A riƙe wani kaso na kuɗin saye a hannun amintacce na shekara ɗaya ko biyu saboda harajin baya da ka iya fitowa. A duba kuma ko bankunan da suka ba kamfanin rance suna da ikon neman kuɗinsu in mai shi ya canja.

Kafa sabo yana ba da cikakken iko, sai dai yana cin lokaci da kuɗi. Lissafinsa a yi shi tun kafin a kama hayar ofis. A ce albashi, haya, manhaja, lauya da masu binciken kuɗi suna cin dala 600,000 a shekara, kuma abin da ke saura bayan ruwan banki da bashin da ya mutu kashi 4 ne cikin ɗari. Sai kuɗin da ke waje sun kai dala miliyan 15 kafin a daina asara. In matsakaiciyar kwangila dala 30,000 ce, kwangila 500 ke nan masu rai a lokaci guda. In kasuwar ba za ta ba da wannan cikin shekara uku ko huɗu ba, a koma maganar dila ko ɗan gari. Sabon shiga kuma ya sani cewa waɗanda za su fara yi masa sallama su ne waɗanda kowa ya riga ya kora.

In daga Kano ne za a shiga Maraɗi

Kusanci na ruɗi. Harshe ɗaya, dangi ɗaya, tafiyar 'yan awoyi ta Jibiya, amma doka da kuɗi daban. A Nijar crédit-bail sana'a ce ta cibiyoyin kuɗi masu lasisi, ƙarƙashin babban bankin BCEAO da hukumar sa ido kan bankuna ta yankin da ke Abidjan, kuma jarin da ake nema na biliyoyin sefa ne. Akwai iyakar da doka ta sa wa kuɗin ruwa, wanda ya wuce ta ya yi laifi. Kwangila da Faransanci za a rubuta, a yi rajista a RCCM, shari'ar dokokin OHADA kuma tana iya kaiwa har babbar kotun ƙungiyar, CCJA, a Abidjan. Abin da ke jan hankali shi ne lasisi ɗaya yana buɗe ƙofar kafa reshe a sauran ƙasashe bakwai na yankin, kuma sefa a ɗaure take da yuro a kan sefa 655.957 ga yuro ɗaya. Ga wanda jarinsa naira ne, karɓar haya da sefa ba abin ƙi ba ne.

Siyasa ma a sa ta a lissafi. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 an rufe iyaka an dakatar da hada-hadar kuɗi har zuwa farkon 2024, kuma a Janairun 2025 Nijar ta fice daga ECOWAS, ko da yake tana nan cikin masu amfani da sefa. Injin da ke Damagaram a lokacin rufe iyakar, ba a iya dawo da shi, ba a iya aiko da kuɗinsa. Hukumar MIGA ta Bankin Duniya da ATIDI da ke Nairobi suna sayar da inshorar irin wannan haɗari, kuma kafin wuta ta tashi ake saye.

A ɓangarorin iyakar biyu da yawan 'yan kasuwa ba za su taɓa abin da ke da ruwa ba, don haka ijara, wato haya bisa tsarin Musulunci, na iya zama ita ce hajar. Canja suna kawai ba ya mai da haya ijara. A ƙa'idojin AAOIFI ta Bahrain, hukumar da ke tsara wa cibiyoyin kuɗi na Musulunci ƙa'idoji, manyan gyare-gyare da inshora suna wuyan mai injin, kuɗin haya ba ya fara hawa sai an miƙa kaya, tarar jinkiri sadaka ake yi da ita, alkawarin mallakawa a ƙarshe kuma takarda ce daban. Kowanne yana canja farashi, kuma ɗaukar nauyin manyan gyare-gyare yana nufin sai da makanike a kusa.

Ga ƙaramin kamfani, matakin farko da ya fi dacewa shi ne ya bi abokin cinikinsa na gida da ya sami aiki a can. Kwangila a Najeriya, biya a Najeriya, mai tsayawa a Najeriya, injin ya ƙetara da rubutaccen izini da takardar kwastan ta wucin gadi da na'urar bin sawu a jikinsa, inshora kuma a tabbatar ta ambaci Nijar da suna. A sa wa gwajin iyaka tun farko, a ce kashi 5 ko 10 na jarin kamfani, a kuma rubuta abin da zai sa a dakata: in bashin da ya wuce kwana 90 ya kai kaso kaza, ko kuɗi suka yi wata kaza ba su fito ba, a daina ƙulla sabuwar kwangila, a bar mutum biyu ko uku su ci gaba da karɓar na waje har kwangila ta ƙarshe ta cika.